Rigar Kawu Sada

Ranar Sallar da ta wuce, da kuka cika mini gida da 'ya'yanku, na zauna a bakin ƙofar ɗaki ina kallon samarin cikinsu. Kusan kowanne kaftani ne a jikinsa, fari ko ruwan toka, ba aiki a wuya, ba aiki a hannu, ko maɓallin ma an ɓoye shi. Na tambayi Ummi 'yar Bashir ko zare ne ya yi tsada a gari. Ta ce a'a, yayi ne, wai yanzu ɗan gaye ba ya son rigar da za ta riga shi yin sallama. Ta ƙara da cewa ashe Kaka ne ya fara yayin tun ba a haife su ba. Sai ubanta ya ce wane yayi, Baba dai rowa ce ta hana shi ɗinki. Aka yi dariya, ni ma na taya ku. Amma maganar ta zauna mini a rai, domin a ranar na gane abin da kuka ɗauke ni shekara da shekaru. Ba rowa ba ce, ba kuma tsoron Allah ne ya yi mini yawa ba kamar yadda wasu 'yan unguwa ke zato. Riga ɗaya ce ta jawo, kuma ta raba ni da mutumin da ya raine ni. Shi ne nake so ku ji daga bakina tun idona na ganin layin takarda.

Ku fara sanin cewa ubanku ya yi ƙwalisa. Ku tambayi mahaifiyarku. A ƙuruciyata, in na kai shadda wurin masu bugu ba ta yi ƙyallin da nake so ba, mayar da ita nake yi a sake. Hula kuwa sai na gwada uku a madubi kafin in fita sayen goro. Kuma ba daga ƙasa na tsinci halin ba, a gidan Kawu Sada na koya. Shi ne yayan Inna, mahaifiyata. Da mahaifina ya rasu ina rarrafe, shi ya kwaso mu zuwa gidansa a unguwar Gobarau cikin Katsina, ya sa ni makaranta, ya yi mini kaciya tare da 'ya'yansa, daga baya ya je da kansa ya nemo mini auren mahaifiyarku. Babban ɗan kasuwar hatsi ne, hannunsa a sake, kuma ba abin da yake so kamar ya tufatar da mutum. In ka faranta masa rai, sai ya miƙe a gaban jama'a ya tuɓe babbar rigar da ke jikinsa ya zura maka. Ku 'yan yanzu za ku ce kyauta ce kawai. A wurinmu ba haka ba ne. Rigar da babba ya tuɓe ya ba ka, Juma'ar farko za ka sa ta, ka je ka gaishe shi ya gan ta a jikinka, mutane su ma su gani. Daga ranar kowa ya san kai na wane ne.

A shekarar da soja suka koma bariki suka bar wa farar hula mulki, garin nan ya canza kamar an kaɗa masa ganga. Teloli ba su da lokacin cin abinci. Mutumin da jiya kuke layin kananzir tare, yau sai ka gan shi cikin malum-malum yana tattare hannun riga yana kiran ka yaro. Kawu bai tsaya takarar komai ba, amma duk wanda ya tsaya a ɓangarenmu sai ya bi ta zaurensa. Ni kuwa a lokacin ma'aikacin awon filaye ne. Aikina igiyar awo da turaku: in je, in auna, in kafa turke inda takarda ta ce, in sa hannu. Inda na kafa, nan iyaka take. To akwai wata takarda a teburina ta wani fili a bayan ganuwa, wajen Ƙofar Durbi. A gefe ɗaya akwai layin ɗakunan ƙasa na mutanen ƙauye da suka shigo neman abinci, leburori da 'yan dako da masu sayar da itace, waɗanda aka ba wurin tun da daɗewa. A ɗaya gefen kuma wani na hannun daman Kawu a jam'iyya ya sayi fili, yana so iyakarsa ta ɗan matsa. In ta matsa yadda yake so, layin ɗakunan nan gaba ɗaya ya shiga cikin filinsa.

Wata Talata bayan la'asar Kawu ya aiko in zo. Na tarar da zaure cike. Yana sanye da rigar da ya sa ranar da ya dawo daga Makka, shadda ruwan madara, aikin hannu, aska takwas, wadda duk Gobarau ba wanda bai san ta ba. Ban gama gaisuwa ba ya miƙe, ya tuɓe ta, ya zura mini a wuya da hannunsa.

"Audu," ya ce, "lokacinmu ya zo. Ba ni son in ƙara ganin ɗana shina yawo cikin gari kamar ɗan aike."

Jama'a suka ɗauka da Allah shi ƙara girma, Alhaji. Na durƙusa na yi godiya, rigar na ƙamshin turarensa. Da na tashi tafiya ya rako ni har bakin ƙofa, abin da bai saba ba, ya rage murya.

"Takardar filin nan na bayan ganuwa tana wurinka, ko?"

"Tana wurina, Kawu."

"To madalla. Sai na gan ka Juma'a."

Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Bai ce in matsar da turke ba, kuma har ya bar duniya bai taɓa cewa ba. Ba ya bukatar ya ce.

Da na isa gida, Inna ta karɓi rigar ta rungume ta kamar jariri. Mahaifiyarku ta shiga neman inda za a rataye ta don kada ta yamutse. Na bar su suka gama murna, sannan na ce ba zan sa ba. Inna ta dube ni kamar ba ta ji da kyau ba.

"Ba ka sawa? Rigar da yayana ya tuɓe daga jikinshi?"

"Inna, kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi mashi aski."

"Wa kake kira kuturu? Ladan nashi ai ka daɗe da cinyewa. Tuwon da ka girma da shi na wane ne?"

Gaskiya kuwa ta faɗa. Mahaifiyarku, wadda kun san ta da neman hanyar tsakiya, ta bari sai da Inna ta shiga ɗaki sannan ta matso.

"Malam, ka sa ta yini guda mana. Ka tahi ka gaishe shi, ka dawo in ninke maka. Awo kuma ka yi yadda Allah Ya nuna maka. Riga ai ba ta riƙe hannun mutum."

Na ce mata in na sa ta ranar Juma'a, na je ranar Litinin na kafa turke inda takarda ta ce, na yaudare shi ke nan a bainar jama'a, na karɓi girmansa na hana shi abin da ya ba da girman dominsa. In kuma na sa ta na matsar da turken, to wane ido zan ɗaga in dubi mutanen bayan ganuwa? Su ma ai sun san rigar. Suna hango ni cikinta za su fara kwance ƙofofinsu tun ban warware igiya ba. Ta ce to Allah Ya ba mu mafita, amma fuskarta ba ta ce amin ba.

Mafitar da na samo ita ce wadda kuka girma kuka tarar. Na yi tunani cewa in na ƙi rigar Kawu alhali ina sa tawa shaddar, wannan cin fuska ne ƙarara. Amma in aka san cewa Audu ya bar sa riga mai aiki baki ɗaya, to ba rigar kowa ya ƙi ba. Washegari da safe na sayi yadi fari mara tsada, irin wanda ake yi wa 'yan makaranta, na kai wa telana na ce kaftani uku, ba aiki.

"Ko ɗan layi guda a wuya?" ya ce.

"Ko ɗigo."

"Malam Audu, takaba za ka shiga?"

Na ce ya dai ɗinka. Na dawo gida na buɗe akwati, na fitar da rigunana duka na rarraba wa 'yan'uwa da maƙwabta. Kada ku ɗauka da sauƙi na yi. Akwai wata shuɗiya da na yi wata biyu ina jiran mai aikinta, da na miƙa ta sai da na juya baya don kada a ga idona.

Ranar Juma'a bayan an sauko na tafi Gobarau cikin farin kaftanina. Kawu ya dube ni daga hula har takalmi.

"Ba ta yi maka ba?"

"Ta yi, Kawu. Na dai bar sa riga mai aiki ne gaba ɗaya."

"Tun yaushe?"

"Tun shekaranjiya."

Wani a gefe ya yi dariya. Kawu bai yi ba. Ya ce Allah shi kyauta, ya juya ya ci gaba da magana da na kusa da shi. Ranar Litinin na je bayan ganuwa na kafa turakuna inda takarda ta ce, ko taki ɗaya ban matsa ba, na sa hannu. Ya ji, ya yi fushi, amma fushin da uba ke yi da ɗa mai taurin kai ne. Yana amsa gaisuwata, yana kiran sunana. Da a nan abin ya tsaya, da lokaci ya gyara shi.

Ni na ɓata da hannuna. Rigar tana gidan nan, ta hana kowa sakat. Inna kullum sai ta fitar da ita wai za ta sha iska, ta rataye ta daidai inda zan zauna cin abinci. Mayar wa Kawu ba zai yiwu ba, don mayar da riga yanke zumunci ne. Sayarwa kuwa ko a mafarki. Ana nan sai aiki ya kai ni wani ƙauye mai nisa, na yi salla bayan limaminsu, wani dattijo mai suna Malam Iro, na ga rigarsa ta yage a kafaɗa an yi mata faci da wani yadi dabam. Zuwana na biyu na ƙunshe rigar Kawu na kai masa. Na ce a raina na jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya: na sami lada, rigar kuma ta bar Katsina ke nan har abada. Abin da na manta, ni da na tashi a gidan ɗan kasuwar hatsi, shi ne bayan kaka dattawan ƙauyuka kan shigo gari su gaida masu sayen amfanin gonarsu. Kuma ba wanda ke zuwa gaida babban mutum sai da rigarsa mafi kyau. Garin neman gira na rasa ido.

Ina zaune a zauren Kawu ranar da suka zo, don ban fasa zuwa gaisuwar Juma'a ba. Aka yi sallama, dattawa huɗu suka shigo, na gabansu Malam Iro, rigar na jan ƙasa saboda gajere ne. Idanun 'yan zauren duka suka koma kan rigar. Shi bawan Allah bai san komai ba. Ya zauna ya jero gaisuwa, ina gajiya, ina iyali, ina kasuwa, yaya aka ji da jama'a, Kawu na amsawa ɗaya bayan ɗaya idonsa na kan aska takwas ɗin nan. Sai Malam Iro ya waiga ya gan ni, fuskarsa ta washe, ya ga ya sami damar saka alheri.

"Alhaji, ashe ɗanka ne wannan? Allah shi yi mashi albarka. Shi ya tufatar da ni. Ka ga rigar, tun da nike ban taɓa sa irinta ba."

"Amin," in ji Kawu. "Ta yi maka kyau, Malam."

Ya sallame su da girmamawa, ya sa aka ba su goro. Sai da ƙarar takalmansu ta ɓace sannan ya juyo gare ni. Bai ɗaga murya ba.

"Da ka maido mani ita, sai in ce ka yi fushi. Da ka ƙone ta, sai in ce ka haukace. Sadaka ka yi da ni, Audu. Tashi ka tahi."

Ina so ku rarrabe abu biyu a nan, don ni na daɗe da rarrabe su. Maganar turke, ko yau aka dawo da ita, inda na kafa nan zan sake kafawa. Ɗakunan nan suna nan, jikokin masu su ne a ciki. Amma maganar ba da rigar, na zalunci Kawu. Mutum ya tuɓe abin da ya fi so ya ba ni a gaban jama'a, na mayar da shi kayan sadaka, kuma a zaurensa ya gani. Wannan ba gaskiya ce ta sa ni ba, wauta ce da son in huta da fitinar gida. Na yi kuka a hanyar dawowa, ni da gemuna, ban damu da masu kallo ba.

Abin da ya biyo baya wasunku sun ɗan tuna. Inna ta ɗaure kayanta ta koma gidan yayanta, ta ce ba ta iya cin tuwon gidan da aka wulakanta shi, sai da ta shekara sannan ta dawo. A wurin aiki aka ɗauke ni daga awo aka kai ni ɗakin ajiyar tsofaffin takardu, inda na zauna da ƙura da gara har na yi ritaya. Ban san hannun wa ke ciki ba, kuma ban yarda ku ɗora wa Kawu ba. Mahaifiyarku in ta je biki sai mata su tambaye ta a kaikaice ko an kori maigidan daga aiki ne. Ba ta taɓa kawo mini ƙara ba, a bakin wasu na ji. Masu ba da shawara kuwa sun yi yawa, kuma bakinsu ɗaya: in ɗinka babbar riga mai aiki, in sa, in je in faɗi gaban Kawu, ya ga na sauko. Faɗuwa gabansa na yi, ba sau ɗaya ba. Riga ce ban sa ba. Na riga na gaya masa a gaban mutane cewa na bar sa aiki gaba ɗaya. In na koma, maganar ta zama ƙarya, ya tabbata ke nan rigarsa kaɗai na ƙi. Abin da ya rage mini a wurinsa shi ne kada ya same ni maƙaryaci, na kuwa riƙe shi da haƙori.

Haka na ci gaba da zuwa kowace Juma'a, tun da zumunta a ƙafa take. In zauna a ƙarshen tabarma, in gaishe shi, ya amsa kamar yadda ake amsa wa baƙon da ya zo tambayar hanya. Bai sake ce mini Audu ba. Malam yake ce mini, kuma ban taɓa jin kalmar girmamawa mai ciwo irin wannan ba. A hankali kaftanin ya zama jikina. Na daina tsayawa gaban madubi, na daina lura da wanda ya fi ni shiga a taro. In ɗaya ya tsufa in ɗinka irinsa. Siyasa ta yi ta juyawa, waɗanda Kawu ya tufatar suka sami wasu zaurukan, tabarmarsa ta yi ta raguwa har ya zama wata Juma'ar daga ni sai shi sai rediyo. Duk da haka Malam nake.

Da ciwonsa na ƙarshe ya kwantar da shi, 'ya'yansa suka fara ƙananan maganganu a kan gonaki da filaye. Ya ce yana so a fitar da iyakar kowanne tun yana numfashi, don kada rabon gado ya zama abin kunya. Kowane ɗa ya kawo sunan mai awon da ya yarda da shi, ya ƙi su duka. Wata safiya sai ga babban ɗansa a ƙofar gidan nan, ya ce Alhaji na kira. Na same shi kwance, ya rame har ban so in dube shi ba.

"Malam, har yanzu kana awo?"

"Na yi ritaya, Kawu, amma igiyar tana nan."

"Duk wanda suka kawo mani, in ban ba shi riga ba wani ya ba shi. Kai za ka auna."

Kwana uku na yi ina zagaya gonakinsa cikin rana, da tsufana, ina kafa turaku. 'Ya'yansa na biye da ni. Rana ta huɗu da hantsi na kawo masa takarda na karanta masa tun daga farko har ƙarshe. Ya saurara idonsa a rufe, ya gyaɗa kai.

"Awo ya yi," ya ce.

Na ga in ban yi magana yanzu ba, ba sauran wata Juma'ar. Na matsa na durƙusa a bakin gadon.

"Kawu, ka yafe mani maganar rigar nan."

Ya buɗe ido ya daɗe yana kallona. Sai ya miƙo hannu a hankali ya kama wuyan kaftanina, ya murza yadin tsakanin yatsunsa yadda yake murza gero a kasuwa in zai saya.

"Yadin banza," ya ce.

Na jira ya ƙara wani abu, bai ƙara ba. Bai kuma saki ba. Haka ya riƙe wuyan rigar, ni a durƙushe, gwiwoyina na ciwo, har barci ya ɗauke shi, sai da babban ɗansa ya zo ya zare yatsun ɗaya bayan ɗaya. Bayan kwana biyu ya rasu, bai sake magana da kowa ba.

Ban sani ba ko ya yafe mini. Na juya wannan riƙon a raina ta kowace fuska, wata rana in ga yafiya ce, wata rana in ga ƙara ce zai kai ni gaban Allah. Saboda haka in na riga ku, kuka ɗaga hannu za ku roƙa mini gafara, ku fara da sunansa.